Yadda Ake Zana Bangon Littafin Yaƙi da Aljanu a Kwamfuta: Daga Karɓar Aiki Zuwa Miƙa Fayil

Duk ranar da na ɗora bangon wani littafi da na zana, sai saƙonni sun shigo, kuma tambayar kusan ɗaya ce: da wace manhaja ka yi? Nakan amsa, amma raina ba ya kwanciya da amsar, domin manhaja ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan sana'a. Yawancin ayyukan da na ga sun lalace, nawa da na abokan sana'a, sun lalace ne tun kafin a ɗora alƙalami a kan allo: ba a karanta labarin ba, ba a yi ciniki a rubuce ba, ko an buɗe fayil da girman da bai dace ba. Saboda haka na ga gara in jero matakan yadda nake bin su, musamman ga mai son zana bangon littattafan yaƙi, na jarumai da bokaye da aljanu da dodanni, ko na marubutanmu na gida ko na masu bugawa a waje. Zan riƙa cewa "ka", amma maganar har da ke.

1. Kayan aiki

Abu uku kake buƙata: na'ura, allon zane mai alƙalami, da manhaja.

Idan kana da laftof, ka nemi ƙaramin allon zane marar gilashi, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen. Ƙananansu ba su kai dala 100 ba, kuma sun isa a yi aikin kuɗi da su. Hannunka na kan allo, idonka na kan fuskar kwamfuta. Makon farko za ka ji kamar kana rubutu da hagu, daga baya hannu ya saba. Laftof ɗin ya kasance da RAM aƙalla 8 GB, domin fayil ɗin bango mai leya da yawa, wato shimfiɗun zane da ake ɗora wani a kan wani, yana da nauyi.

Manhaja kuwa, ka fara da Krita. Kyauta ce, kuma tana iya yawancin matakan da ke cikin wannan jagora. Mai iPad ya sayi Procreate, kusan dala 13 ne, biya ɗaya. Clip Studio Paint ta fi daɗin jan layi. Photoshop biyan wata-wata ne, ban ga dalilin da sabon shiga zai ɗora wa kansa ba. Wanda waya kaɗai gare shi zai iya koyo da ibisPaint, har ya yi bangon littattafan da ake karantawa a waya, amma bangon da za a kai maɗaba'a yana son babbar fuska.

Hattara: ka kunna ajiyar kai-tsaye a manhajar, ka sa ta riƙa adanawa duk minti biyar ko goma. Na taɓa rasa aikin yini guda saboda an ɗauke wuta batirin laftof kuma ya riga ya mutu. Tun ranar, kowane dare sai na kwafe fayil zuwa filash da kuma Google Drive.

2. Ka karanta labarin kafin ka faɗi farashi

Marubuci zai turo maka saƙon murya ya ce, "Jarumi nake so a kan doki, da takobi, ga wani dodo a bayansa." Kada ka kama aiki da wannan. Rabin littattafan yaƙin da ke kasuwa wannan bayanin zai dace da su.

Ka nemi ya turo maka babi uku na farko, da taƙaitaccen labarin har ƙarshensa, da wuraren da aka siffanta jarumin da abokin gābarsa. Kana karantawa kana rubuta abin da ido zai iya gani: shekarun jarumi, tsagar fuskarsa in yana da ita, hannun da yake riƙe makami da shi, ko labarin a sahara yake ko a kurmi, da rana ko da dare. Sannan ka yi wa marubucin tambayoyi huɗu. Littafin na takarda ne ko na waya? Su wa za su karanta, yara ko manya? Wane abu ne ba ya so a gani a bangon? Kuma in mai karatu ya kalli bangon, me yake so ya fara ji: tsoro, jarumta, ko tausayi?

Tambaya ta uku tana da muhimmanci a wajenmu. Akwai marubucin da ba ya son a fito da fuskar mutum sosai, sai dai a rufe da amawali ko a nuna shi ta baya. Akwai wanda ba zai yarda jaruma ta fito ba lulluɓi ba. Ka ji wannan tun farko, ba bayan ka ɓata kwana huɗu kana gyara idanu ba. Ni kuma a nawa ɓangaren ba na sa ayar Alƙur'ani a matsayin ado a jikin laya ko takobi, domin bango yana iya ƙarewa a ƙasa ko a hannun mai ƙosai.

Hattara: kada ka zana abin da zai tona ƙarshen labari. In sai a babin ƙarshe ake gane cewa waziri shi ne matsafin, to kada ka ba wazirin jajayen idanu a bango.

3. Ciniki da kafin alƙalami

Farashi ba a cinta. Ka ƙiyasta awannin da aikin zai ci, ka ninka da abin da kake ganin awa ɗaya taka ta cancanta, ka ɗora kuɗin data da na mai ko caji. Bango mai mutum ɗaya da fili a bayansa daban, mai rundunar mahaya da birni yana cin wuta daban. Bangon gaba kaɗai daban, cikakke mai gaba da baya da gadon baya, wato gefen da shafuka suke haɗe, daban. Taswirar duniyar labarin da zanen cikin shafuka kowanne da kuɗinsa, kada ka bari a cusa maka su a matsayin gyara.

Abin da kuka amince da shi ka rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne, ya amsa da "na yarda". Rubutun ya ƙunshi: abin da za a zana, girmansa, ranar miƙawa, kuɗi, da yawan gyara. Ni gyara biyu nake bayarwa, ɗaya kafin launi, ɗaya bayan launi. Abin da ya wuce haka sabon ciniki ne.

Ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Wanda ya ƙi ba da rabi a farko, da wuya ya ba da duka a ƙarshe. Amma ka sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ranar da ka ɗauka ta zama bashi a wuyanka, don haka ka ƙara kwana uku a kan abin da kake zato kafin ka faɗe ta.

Sai maganar haƙƙin mallaka, wadda yawancinmu muke tsallakewa saboda kunya. Ka fayyace ko izinin amfani ka sayar, wato ya sa zanen a bango da tallan littafin, ko kuwa zanen gaba ɗaya ka sallama, har ya iya buga shi a riga ko fosta ko ya sayar wa mai shirya fim. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta ɗaukar sallama haƙƙi ko lasisin mutum shi kaɗai da inganci sai in a rubuce yake, saboda haka rubutun kariya ne gare ku duka biyu. Ka sa sharaɗin a rubuta sunanka a littafin, kuma kana da damar nuna zanen a kundin ayyukanka bayan ya fito.

4. Buɗe fayil da girman da ya dace

Wannan mataki minti biyar ne, amma kuskurensa ba ya gyaruwa. Ƙaramin hoto ba ya girma ba tare da ya dushe ba.

In na bugawa ne, ka sa 300 DPI, wato ɗigon hoto 300 a kowane inci. Yawancin littattafanmu A5 ne, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Kowane gefe sai ka ƙara milimita 3, rarar da wuƙar maɗaba'a za ta yanke. Cikakken bango kuwa lissafinsa haka yake: baya 148, gaba 148, kaurin gadon baya, da rarar yanka 6. In gadon bayan milimita 12 ne, faɗin ya zama 314, tsawo 216. A 300 DPI wannan ya kama kimanin fiksel 3709 da 2551.

Kaurin gadon baya ya dogara ga yawan shafuka da nauyin takarda, don haka kada ka cinta. Ka sa marubuci ya tambayo maɗaba'ar. In a Amazon KDP za a buga, wato dandalin da marubuci ke wallafa littafinsa da kansa, suna da lissafinsu: farar takarda inci 0.002252 kowane shafi, mai ruwan madara inci 0.0025, kuma suna ba da samfurin bango da za ka sauke ka ɗora zanenka a kai. Bangon littafin Kindle girman da suka fi so shi ne fiksel 2560 a tsawo, 1600 a faɗi. Na Wattpad 512 da 800 ne. Ko da marubuci ya rantse a waya kaɗai za a karanta, ka zana da girman bugawa sannan ka rage masa. Sau da yawa bayan shekara yakan dawo ya ce ya samu kuɗin ɗab'i.

Hattara: duk abu mai muhimmanci, fuska ko rubutu ko tsinin mashi, ya yi nesa da bakin takarda da aƙalla milimita 5. Wuƙa takan goce.

5. Tattara abin kallo

A nan nake son in daɗe, domin a nan ne bangon littattafanmu suka fi rauni. Labari ya ce jarumin ya fito daga birni mai ganuwa, ya sha fura, ya yi sallama da mahaifiyarsa a zaure, amma a bango sai ka ga wani ƙato da sulken ƙarfe irin na Turawan da, a gaban gidan sarauta mai tsinin dutse irin na Jamus. Dalili kuwa mai zanen abin da ya saba gani a wasannin kwamfuta ya zana, bai fita ya duba ba.

Gani ya kori ji. Ka buɗe folda ka cika ta da hotuna kafin ka ja layi ɗaya. In kana Kano ka shiga Gidan Makama ka ga kayan yaƙin da. Lokacin hawan sallah, a Kano ko Katsina ko Zazzau ko Damagaram, ka tsaya kusa da 'yan lifidi da 'yan sulke ka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Ka lura lifidi auduga ce aka ɗinke, yana da kauri da taushi, ba ya ƙyalli. Sulke zobba ne da aka sarƙa, yana zuba a jiki kamar riga. Takobinmu miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuma a kafaɗa ake rataya shi da hamila, ba a ƙugu ba. Ka dubi yadda sirdi yake da tudu gaba da baya, yadda likkafa take, yadda alkyabba ke faɗowa a gadon bayan doki. Dokinmu ma siriri ne, ba shi da ƙirar dawakan Turai masu ƙafa kamar turmi.

Gine-gine haka nan. Soro da zankwayensa, azara a rufi, zanen dagi a fuskar gida, kaurin ganuwa, hasumiyar Gobarau a Katsina, ta masallacin Agadas da itatuwan da suka tsattsago daga jikinta. Wanda ya zura wa waɗannan ido ya ninka girmansu sau goma, ya sa su a bakin wani rami marar ƙarshe, ya samu fadar sarkin aljanu da ba ta yi kama da ta kowa ba. Kuka ita kanta, da rassanta kamar hannuwa, ta ishe ka gidan tsoro. Ga baƙin rawani ɗan Kura mai ƙyallin shuni, wanda in haske ya doke shi yake komawa tsakanin shuɗi da ruwan hanta. Babu launin da na fi son zanawa kamarsa.

Dodo da aljani ba su da hoto, to ka harhaɗa su daga dabbobin da ka sani: muƙamuƙin kura, fatar kada, ƙahon ɓauna, idon mujiya. Abin da aka gina a kan ƙashin gaskiya ya fi ba da tsoro. Tsayuwar mutum kuwa, ka sa ƙanenka ya riƙe taɓarya a matsayin mashi ka ɗauke shi hoto a inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya.

In marubucin na waje ne, labarinsa kuma a wata ƙasa yake, ƙa'idar ɗaya ce: ka binciki kayan wannan wurin, kada ka liƙa masa namu.

Hattara: abin kallo na koyo ne, ba na kwafa ba. Ɗauko zanen wani daga Pinterest ka bi layinsa sata ce, kuma masu karatu suna ganewa. In ka yi amfani da hoton da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ka faɗa wa marubuci tun farko; KDP ma tana tambayar mai ɗora littafi ko akwai irin wannan hoto a ciki.

6. Ƙananan zanen gwaji

Ka zana akwatuna kamar girman kwalin ashana, goma ko fiye, kowanne ka cika shi cikin minti uku da baƙi da fari da toka kawai. Ba fuska, ba ado. Abin da kake nema shi ne inda ido zai fara sauka, da inda sunan littafi zai zauna. Ka bar wa suna kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon, sama ko ƙasa.

Gwajin da nake yi shi ne in cike jarumin da baƙi ƙirin. In har a haka ana gane mahayi ne riƙe da mashi, tsarin ya yi. Ka zaɓi uku mafi kyau, ka ɗan gyara su, ka tura wa marubuci ya ɗauki ɗaya. Kada ka tura wanda kai ba ka so, domin shi zai zaɓa.

Hattara: marubuta suna son a sa kowa da kowa, jarumi da gimbiya da boka da sarki da doki da maciji. Ka nuna masa bangon a girman da zai fito a waya, kamar kan babban yatsa. Da kansa zai ga taron ya zama kwamacala.

7. Layi, sannan haske da inuwa

Ka faɗaɗa wanda aka zaɓa ka ja layi mai tsabta a sabuwar leya. Ka raba aikin: gaba, tsakiya, baya, kowanne da leyarsa da sunansa. Lokaci-lokaci ka juya hoton hagu ya koma dama. Karkatacciyar fuska da gajeren hannu nan take suke bayyana.

Kafin launi, ka gama hoton da toka-toka. Ka yanke shawarar inda haske yake fitowa, wata ne, ko gobara, ko ƙwayar tsafin da ke hannun boka, ka tsaya a kansa. Wurin da fari da baƙi suka fi haɗuwa da ƙarfi ya zama fuskar jarumi ko makaminsa. Abin da ke nesa ya dushe, kamar yadda hazon hunturu ke cinye Dutsen Dala in ka hango shi daga nesa. A nan za ka tura don gyara na farko.

8. Launi

Ka taƙaita: launi biyu manya, ɗaya ƙarami mai jan ido. Jan ƙasa da shuni, da ɗigon ruwan zinariya, misali.

Baƙar fata tana son kulawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ruwan ƙasa a ƙara masa baƙi don inuwa, sai fuska ta fito kamar toka. Fatarmu tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita: goshi da kunci suna ɗauko shuɗin sama, gefen da ke kallon wuta yana yin ja, inuwa kuma tana karkata zuwa ruwan hanta. Ka dubi fuskar mai shayi da daddare a gaban wutarsa, za ka ga abin da nake nufi.

Hattara: fuskar kwamfuta da tsarin launin haske, RGB, take aiki, injin bugawa da tsarin launin tawada, CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore shar da shunayya mai haske, wato ainihin launukan da muke zana tsafi da su, su ne suke mutuwa a takarda. Ka riƙa kunna gwajin CMYK kana dubawa tun kana tsakiyar aiki. Kuma takarda tana ƙara duhu, musamman in an sa mata leda marar ƙyalli, don haka hoton dare ka haskaka shi fiye da yadda idonka ke so.

9. Rubutun bango

Sunan littafi ya karantu daga nesa. Samfurin haruffa biyu sun isa, ɗaya na suna, ɗaya na sauran.

Ga matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ka rubuta "Ƙarfe" sai harafin farko ya ɓace ko ya fito da wata siffa daban. Kafin ka zaɓi samfuri ka gwada waɗannan haruffa manya da ƙanana. Noto da Charis SIL da Andika suna da su, kuma kyauta ne. In na adon kake so dole, ka zana lanƙwasar da hannunka ta dace da kaurin harafin. Kada ka yarda a cire ƙugiyar a bar k, domin "ƙafa" da "kafa" ba ɗaya ba ne. Ka kuma tabbatar lasisin haruffan ya yarda a yi kasuwanci da su.

A bangon baya ka bar farin fili a ƙasa don lambar ISBN. A KDP inci 2 da 1.2 ne. Littafin da bai kai shafi 80 ba, kada ka sa rubutu a gadon bayansa. Sannan ka sa marubuci ya karanta kowace kalma ya tabbatar a rubuce. Na taɓa barin harafi ɗaya ya faɗi a sunan wani littafi, ba mu gani ba sai da aka buga, kuma har yau ina jin nauyin abin.

10. Miƙa aiki

Ka fara tura ƙaramin hoto mai tambarinka a tsakiya. In ya amince ya biya cikon kuɗi, sannan ka saki manyan fayiloli: PDF mai CMYK da rarar yanka don maɗaba'a, JPEG mai RGB don intanet, da zanen zalla marar rubutu in yana cikin ciniki. Fayil mai leya naka ne, sai in an saye shi daban.

Hattara: kada ka tura a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse shi ya lalata. Ka tura a matsayin fayil (Document), ko ta imel, ko Google Drive. Ka roƙi marubuci ya sa maɗaba'a ta buga kwafi ɗaya na gwaji kafin a saki injin, in da hali ka je ka gani da idonka a hasken rana.

11. Neman aiki na gaba

Bayan littafin ya fito, ba kafin nan ba, ka ɗora bangon a Instagram da Facebook da ArtStation ko Behance, tare da zanen gwajin da matakin toka-toka. Marubuta suna son ganin yadda aka yi, kuma shaida ce cewa hannunka ne. Kundin ayyukanka ya zama guda takwas zuwa goma mafiya kyau, duk da sunan littafi a jikinsu, domin mai neman bango bango yake son gani. In ba ka taɓa samun aiki ba, ka ɗauki tatsuniyoyi uku da ka sani tun kana yaro ka yi musu bango kamar an biya ka.

Masu neman abokan ciniki na waje su sani Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, sai ka sa wannan a lissafinka tun a mataki na uku, kuma ka buɗe hanyar karɓar kuɗi irin Payoneer ka tabbatar tana aiki kafin ka karɓi aikin farko. In littafin mai kashi-kashi ne, ka ajiye launukan da samfurin haruffan da fuskar jarumin ta gaba da ta gefe a folda ɗaya mai sunan littafin, domin ranar da marubuci zai dawo da littafi na biyu, tabon da ke kuncin hagu dole ya kasance a kuncin hagu.